Masuo Da Igiyar Nutso

Rubuta yadda na faɗa, jikata, kar ki gyara.

Masuo ɗan gidan bayanmu ne. Tun yana saurayi ƙarfi gare shi kamar sa, amma ba ya iya kallon mutum ido da ido. Shi ne ya tare wata mai nutso, Fusae, a bukkar da mata masu nutso ke jin ɗumi in sun fito daga teku, ya yi mata fyaɗe. Aka ɗaure shi. Ita kuwa, da ta fi kowa daɗewa a ƙarƙashin ruwa, ta tattara ta koma birnin Nagoya wankin kwanuka.

Da aka sako shi, sai ga wani jami'in kula da tsofaffin fursunoni, Kuwahara, ya rako shi. Wai yanzu ba a tsayawa kan laifi kawai, ana duba abin da mutum ya iya, a gina shi a kai. Sun duba, wai Masuo yana da haƙuri, yana da damtse, ya san teku.

A lokacin mijin Tokie, yayar Fusae, bai daɗe da rasuwa ba. Kin san mace in ta nutsa neman katantanwa, igiya ce a ƙugunta, mijinta na cikin kwalekwale riƙe da ita. Ta girgiza igiya, ya jawo. Ya yi jinkiri, gawa zai jawo. Tokie ba mai riƙe mata, kuma da nutson take ci.

Kuwahara bai tambayi kowa ba, ya kai mata shi har ƙofa.

"Inna, ga mai riƙe miki igiya. Ya canza."

"Wa ya ce?"

"Mun ga alheri tattare da shi."

"Kun gani? To ɗana, ɗaura a ƙugunka ka shiga, ya jawo ka mu ma mu gani."

Masuo dai sai sunkuyawa yake yi, yana ƙara sunkuyawa. Wannan kam ya iya.

"Ita Fusae," in ji Tokie, "wa ya je ya tambaye ta abin da ta iya?"

Ta ja ƙofarta.

Su Kuwahara suka sama masa aiki a wurin busar da ciyawar teku, har lambar yabo aka ba shi, ya rataye a ɗaki. Tokie ta daina fita da kwalekwale. Ta koma nutson bakin gaɓa, inda ba a buƙatar igiya kuma ba a samun abin kirki. A nan ta tsufa.