Matar da Ke Shafa wa Gidanta Giris

Duk farkon Nuwamba, ranar da mutanen unguwarmu ke ɗaukar furanni da abinci su nufi maƙabarta gai da matattunsu, Doña Fidencia shagona take zuwa, riƙe da wani tsohon gwangwanin madara. Ni gyaran keke nake yi a bakin tasha. Ita kuwa ba ta da keke, ko hawa ba ta taɓa yi ba.

"Ɗan Petra, cika min."

"Doña Fide, wai giris ɗin nan miya kike yi da shi ne?"

"Uwarka na yi wa miya da shi, shi ya sa ka fito da santsin baki. Cika min, ina sauri."

Sai in cika. Ta koma gida, ta ɗaure zaninta, ta rarrafa ƙarƙashin ɗakinta tana shafa wa ƙafafunsa giris ɗaya bayan ɗaya. I, ƙafafun ɗakin nake nufi. Gidan Doña Fidencia taragon jirgin ƙasa ne, kuma yana nan a kan dogo da ƙafafunsa na ƙarfe.

Zama a tarago ba abin mamaki ba ne a wajenmu. Leburorin gyaran dogo na da, a tarago suke zama da iyalinsu. Inda ruwa ya cinye layi, can za a ja su da murhunsu da kajinsu, su gyara, a sake jan su gaba. A cikin irin wannan yawo aka haifi Doña Fidencia, a ciki ta girma, a ciki ta auri wani lebura abokin aikin babanta. Tana amarya aka kawo taragunsu aka ajiye a wani layi bayan loko, aka ce na ɗan lokaci ne. Shiru kake ji. Babanta ya rasu a nan, mijinta ya bi shi, ba wanda ya zo ya ja su. Wurin ya zama unguwa, muna ce masa Layin Taragu.

Kakana yakan ce lokacin da aka gina tashar nan, gari yana can nesa, gonakin masara ne tsakani, don masu hali sun ce ba sa son hayaƙi ya ɓata musu labule. Sai aka buɗe loko, inda ake gyaran kawunan jirgi. Jiniyar loko ita ce agogon kowa: da ita ake tashi, da ita mata ke kai abinci bakin ƙofa, da ita ake sanin mijin da ya biya ta wurin shan giya. Masaukai suka tsiro, kasuwa ta kafu, masu tuyar tortiya, wato gurasar masara, suka cika bakin titi. Garin da ya guje mu sai ga shi yana matsowa, har ya zagaye mu ya wuce. Ina sabon aure jirgin fasinja ya daina zuwa. Aka rufe loko, jiniya ta yi shiru, jirgin kaya ma aka yi masa wata hanya ta bayan gari. Masaukan suka koma ɗakunan ajiye gwangwan. Kai, mun ga rana a unguwar nan.

Da mutanen Layin Taragu suka fahimci ba inda za a je, sai suka fara kwance ƙafafu suna sayar wa 'yan gwangwan. A sauke tarago ƙasa, a zagaye shi da bulo, a yi fenti. Maƙwabcinta Don Nabor, tsohon mai sauya wa jirgi layi, har bene ya ɗora a kan nasa. Taragon ya zama falonsa, in ba ka ƙwanƙwasa bango ba ba za ka gane ba. Su biyun nan kullum cikin tsiya suke.

"Fide, ƙarfe nawa jirginki zai tashi? In kawo jakata?"

"Ka kawo, Nabor. Amma gurgu ba ya hawa. Ka yanke wa gidanka ƙafa, ka zauna kana gadin sa."

"Ni dai ba na hawa tsani kafin in shiga ɗakina."

"Yo ina za ka iya, da wannan tumbin?"

Abin ya daɗe yana cina. Tsohuwa mai hankali, mai sana'ar wanki da guga, ba ta taɓa yin wani abin da za a ce taɓi ne ba, sai wannan. Kuma me ya sa sai ranar matattu? Na tambayi uwata, ta ce in bar mutane da sha'aninsu. Na tambayi Don Nabor, ya ce taurin kai ne kawai irin na mutanen dogo. Ban gamsu ba.

Shekarar da gwiwa ta hana ta durƙusawa na samu amsa. Ta ce in zo in shiga mata ƙarƙashin. Ina kwance ina shafawa, ita tana zaune a kan tsani tana ba ni umarni, sai na ce, "Yau kam ba zan fito ba sai kin gaya min."

Sai ta ce, "Kowa ya tafi wurin uwarsa yau. Tawa tana arewa, gaba da garin Torreón, a cikin hamada."

Tana yarinya zazzaɓi ya kashe uwar, taragunsu na tsaye a tsakanin tashoshi biyu, wurin da ko suna ba shi da shi. Aka binne ta a gefen dogo, aka kafa gicciye da katakon layi. Washegari aka ja su. Babanta ya ce kada ta yi kuka, duk ranar da aka sake tura su arewa za su tsaya.

"To, Doña Fide, ki hau mota mana. Ni ma sai in raka ki."

"Mota ba ta bi ta can. Kuma in ce a kai ni ina? Daga ƙofar nan kaɗai na san wurin. Akwai tankin ruwa a dama, da wani dutse kamar haƙori mai giɓi. In ina zaune a nan zan gane shi."

Tausayinta ya kama ni, na ci gaba da shafa giris ina ɓoye fuskata.

Sai hukumar gari ta tuna da mu. Aka ce za a mai da tasha gidan kayan tarihi, loko ya zama wurin shaƙatawa, a yi titi da fitilu. Muka yi murna, musamman da aka ce duk wanda gidansa ke kafe a ƙasa a Layin Taragu za a ba shi takardar fili. Amma akwai sharaɗi ɗaya: abin da ke tsaye a kan dogo da ƙafafunsa ba gida ba ne, kayan reluwe ne, gidan tarihi za a kai shi. Kaf layin, tarago ɗaya ne ya rage da ƙafa.

Ma'aikaciyar da ta kawo saƙon ba muguwa ba ce. Ta rage murya ta ce sai mako mai zuwa masu dubawa za su zo, abin da suka tarar shi za su rubuta. Kowa ya gane abin da take nufi. Don Nabor ya tara mu, mai walda ya kawo kayansa, ni na aro jak ɗin ɗaga mota. Aikin yini ɗaya ne.

Doña Fidencia ta tsaya a bakin ƙofa ta ce kada wanda ya taɓa.

"Haba Fide!" in ji Don Nabor. "Gidanki za su ɗauke! A ina za ki kwana? Layin arewan ma an tumɓuke rabinsa, wa zai ja ki?"

"Na sani."

"To, don Allah mene ne?"

"In na cire ƙafafun nan, na gaya mata ba na zuwa ke nan."

Don Nabor ya ja gefe ya zauna. Ni kuwa haushi ne ya kama ni, na yi ta faɗa, na ce mata wannan wauta ce. Ko kallona ba ta yi ba. Muka kwashe kayanmu.

Ranar ɗauka, an kawo tarakta da sarƙa, da niyyar in taragon ya cije a nemo babbar motar ɗaga kaya. Mun fitar da gadonta da tukwanen girkinta. Ita ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofar taragon, ta ce sai dai a ja da ita. Direba ya duba mu, muka ɗaga kafaɗa. Ya ja a hankali.

Ko ƙara bai yi ba. Taragon da ya fi rabin rayuwarta a tsaye ya sulala sumul, tukwanen furenta na rawa a taga. Unguwa ta ɗauki ihu, muka bi shi a ƙafa. Tasha a arewa da layinmu take, sai a lokacin abin ya faɗo min. Doña Fidencia ta miƙe zaune, ta kafa ido gefen dama, fuskarta ta koma ta yarinya. Ta waiwayo ta ƙwala wa maƙwabcinta kira, "Nabor! Naka fa?"

Tafiyar ba ta kai a sha kofi ɗaya ba. Aka tsaya a gaban tasha, muka sauko da ita, a kan idonta aka yi wa ƙafafun walda da dogo don kada yara su tura.

Yanzu a falon Don Nabor take kwana, cikin gurgun taragon da ta yi shekaru tana yi wa tsiya. Unguwa ta yi kyau, babu laifi, baƙi na shiga tsohon taragonta suna ɗaukar hoto.

Da Nuwamba ta zagayo, ina ɗaure wa wani keke sarƙa sai na ga gwangwanin madara a gabana.

"Doña Fide, an fa yi musu walda."

"A gabana aka yi."

"To, me za a shafa wa?"

"Tun ina amarya muke tsaye wuri ɗaya, bara mun matsa. Cika min, ɗan Petra."

Na cika, na rufe shago, na riƙe mata hannu muka tsallaka titi muka nufi taragon.