Gwiwar Hannun Yaya Arzika

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayana Arzika, Allah ya jiƙan shi. Na so in rubuta abin da aka saba, haƙurinshi da kyautarshi, amma wallahi bana raina a ɓace yake, kuma ɗanshi na cikinshi ne ya ɓata mani shi.

Duk wanda ya san Yaya a Dumega ya san hannunshi na dama a sandare yake. Yana yaro ya faɗo daga kan rumbu, gwiwar hannu ta karye, aka kai shi wurin maɗori. Aka jera kara, aka ɗaure tamau. Ƙashi ya haɗe, amma hannu bai ƙara lanƙwasawa ba har ya koma ga Allah. Da hagu yake cin tuwo. Na sha ganin samari masu sabon karatu suna yi mashi wa'azi a bakin kwano, wai ba a ci da hagu. Sai ya miƙa masu hannun ya ce, "To malam, lanƙwasa mani shi in ci da dama."

Bai taɓa zagin maɗora ba. Cewa yake ƙwauri aikinsu ne, amma gwiwar hannu ba wurin gwaji ba ce. Wani likita ya taɓa nuna mashi hoto, ya ga ƙashi uku ne suka haɗu a wurin, ɗaya daga kafaɗa, biyu daga wuyan hannu, ga jijiyoyi sun ratsa. Tun ranar Yaya ya zame ma gari masifa. In ya ji yaro ya faɗi a kan hannu, sai ya je ya zauna a ƙofar gidan uban, ba ya tashi sai an nemo mota. Ana guna-guni, amma ana tafiya.

To a daminar nan jikarshi Rabi ta faɗo daga amalanke, gwiwar hannu ta karye. Ubanta Nomau, ɗan farin Yaya, wanda ya tashi yana taya tsohon sa riga, ina kuke tsammani ya kai ta? Wurin maɗori. Ba wanda ya gaya mani, a kasuwar Dogon Dutsi na tsinci labarin. Da na isa Dumega, hannu ya kumbura cikin ɗauri, yatsu sun yi sanyi, yarinya ta gaji da kuka.

Na ce, "Nomau, kanka ɗaya kuwa?"

Ya ce, "Gwaggo, noma ya kama, wa zai je ya zauna gidan likita? Baba ma ɗori aka yi mashi, kuma ya yi rayuwarshi."

Kun ji fa. Da Yaya na raye ban san ko duka zai yi ko kuka ba. Lokacin da shi ya karye ba hanya, ba mota, iyayenmu na da uzuri. Yau ga babur a tsakar gidan Nomau, ga salula a aljihunshi.

Ban tsaya gardama ba, na sa aka ɗora mu a mota. Likita ya kwance ɗaurin ya daɗe yana kallon hannun. Ya ce ƙashi zai gyaru, amma jijiyar da ke bi ta bayan gwiwa zuwa ƙaramin yatsa ta matsu. Ko ta farfaɗo ko ta ƙi, sai dai a jira.

Duk shekara ƴaƴan Yaya na dama fura su raba sadaka, su zauna suna maimaita barkwancinshi. Allah ya karɓa. Amma abu guda da ya ƙare rayuwarshi yana roƙo, shi suka jefar. In akwai abin da ya rage nashi, masifar nan ce, kuma da alama ni na gaje ta, don har yau Nomau ba ya gaishe ni.

Rabi na wurina tun lokacin. Kullum da safe nakan tsunkuli ƙaramin yatsan, ita ko tana dariya don ba ta ji. Shekaranjiya na tsunkula, sai ta fizge hannu ta ce, "Wayyo, tsohuwa, wannan ai mugunta ce." Na ƙara tsunkula don in tabbata. Ta fashe da kuka, ni ma na taya ta.