Yaushe Kika Ji Motsinsa?

Jiya na raka ƙanwata awon ciki a Gumel, sai na ji ƙamshin sabulun salo a jikin wata mata. Nan take na tuna tsohuwar ungozomar ƙauyenmu a Gagarawa, domin irin ƙamshin da hannuwanta suke yi ke nan kullum.

Ita ta karɓi haihuwata ta uku. Namiji ne, ya zo ba rai kamar na biyu. Ba ta yi saurin rufe shi ba. Ta juya shi a hankali, ta duba jikinsa, ta ce, "'Yata, yaushe kika ji motsinsa na ƙarshe?"

Na ce, "Tun shekaranjiya, Inna."

Ta ce, "Shi ya sa fatarsa ta saɓule, a ciki ya rasu. Wancan da ɗuminsa ya fito, doguwar naƙuda ce ta kashe shi. Wannan kuwa jininki ne ya hau, dubi kumburin ƙafafunki. Ciki na gaba da kaina zan kai ki asibiti."

Na gaji har kuka ya ƙi zuwa. Ta zauna tana matsa mini ƙafafu.

Ta cika alkawari, na haifi mace da ranta, amma kafin suna tsohuwar ta rasu. Allah Ya sanyaya makwancinta, Ya sada ta da jariran da ta wanke ba su taɓa kuka ba.