Jarkoki Huɗu na Ruwan Teku

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa, wasu na manta da su sarai, amma ranar da na zuba ruwan teku a akwatin kifin Babanmu, wannan kam da ita zan shiga kabari.

Babanmu a tashar jiragen ruwa ta Legas ya yi duk aikinsa. Da ya yi ritaya ya dawo gida Kazaure, mutane na zuba ido su ga ya zo da mota ko ya sayi gona, sai ga shi da ƙaton akwatin gilashi an naɗe shi da barguna, da kifayen teku a cikin robobi. Ba tarwaɗa ba ce irin ta dam ɗin garinmu. Wasu 'yan mitsi-mitsi ne masu launi, ko miya ba za su yi ba. Unguwa ta yi dariya ta gaji, shi kuwa ko a jikinsa. Ya sa musu sola mai kunna injin da ke ba su iska, ya ajiye su a ɗakin da ya fi kowanne sanyi a gidan.

A cikinsu akwai wasu biyu ruwan lemo masu ratsin fari, kullum tare suke. Su yake kira Alhaji da Hajiya. Babbar ita ce macen, kuma ita ke kora ƙaramin duk inda take so. Bayan rasuwar mahaifiyarmu sai ya zauna yana kallonsu, ya ce, "Ku duba, haka uwarku take juya ni." Ya yi dariya, mu kuma mu kau da kai.

Ruwansu shi yake haɗawa da hannunsa. Yana da bokiti na wani farin gari da ake aiko masa daga wani shago a Kano, gishiri ne da aka haɗa da sauran sinadaran da ke cikin ruwan teku. Sai ya auna shi a tataccen ruwa, ya bar shi ya kwana yana juyawa, ya tsoma ma'aunin gishirinsa ya duba, sannan ya rage kaɗan daga na akwatin ya maye da sabon. Ni da bakina ba ya shiru, na taɓa ce masa, "Baba, kifin teku ne fa, kana ba su ruwan jabu." Bai ko ɗago ba ya ce, "Wannan na san abin da ke cikinsa. Na teku kuwa, Allah kaɗai ya san abin da kika ɗebo." Na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai.

Daga baya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Ɓarin dama ya mutu, magana ta ɗauke gaba ɗaya, hannun hagu kaɗai ya rage masa. Na baro ɗakina da aikin koyarwata a Roni na dawo jinya. Muka juya gadonsa yana fuskantar akwatin. Wallahi ko kunu ba ya karɓa sai ya ga an ba kifin nan abinci tukuna. In Hajiya ta kori Alhaji, sai ka ga gefen bakinsa mai rai ya motsa. Abin da ya rage masa a duniya ke nan da yake jira kowace safiya, kuma ni aka bar wa amanarsa.

Ana nan sai garin gishirin ya kusa ƙarewa. Na buga wa mai shagon, ya ce kaya na hanya, in yi haƙuri, kifin ba abin da zai same su don an jinkirta canjin ruwa na 'yan makonni. Maimakon in yi shiru, sai na yi ta mita a gaban Baffa. Baffa aminin Babanmu ne tun ƙuruciya, mutumin Babura, direban tirela mai kai wake da riɗi Legas. Ya zo dubiya ranar, ya saurare ni har na gama.

Bayan kwana goma, da hantsi, sai ga shi ya yi sallama, ana shigo da jarkoki huɗu a bayansa. Ko gida bai biya ba, idanunsa jajir saboda hanya.

"'Yata, zo ki karɓi tsaraba," ya ce. "Na kawo wa Alhaji da Hajiya ruwan garinsu."

Ya zauna bakin gadon amininsa yana ba shi labari, yadda ya naɗe wando ya shiga gaɓar teku kusa da inda suke ajiye motoci, ya cika su da kansa. "Jarkokin na man gyaɗa ne, amma sau uku na wanke su da sabulu. Kwana huɗu suna saman mota, na ɗaure bakinsu tam, ko ɗigo bai zuba ba."

Na buɗe ta farko. Ruwan garau yake, sai dai wani ɗan wari ya bugi hancina. Na ce a raina ai ƙamshin teku ke nan, ni da ban taɓa ganin teku ba. Kun san mu da tsaraba, in babba ya kawo, a gabansa ake buɗewa a taɓa, ya ga an ji daɗi. Ka ture ta gefe ka ce sai an jima, ka ci masa fuska. Ga kuma abin da na daɗe da shi a zuciya, cewa na Allah ya fi na shago. Na ɗauko tiyo na fara zuƙe ruwan akwatin.

Nan Baba ya ɗaga hannun hagu yana kaɗawa, wata ƙara na fita daga maƙogwaronsa.

"Kin gani ko?" in ji Baffa, har da ƙwalla a idonsa. "Murna yake yi!"

Ga inda ya fi ci mini rai har yau. Na san ba murna ba ce. Wata uku ina jinyarsa, na san alamar ƙishirwa, na san ta zafi, na san ta a juya shi. Wannan kaɗa hannun shi yake yi in ya ƙi magani. Na kalle shi, na kalli Baffa da ƙurar hanya a rawaninsa, kunya ta rufe ni. Na ce, "Eh, Baffa, murna yake." Na kwashe fiye da rabin ruwan, na juye jarkoki uku a ciki. Ma'aunin na rataye a ƙusa, ban ko taɓa shi ba. Baba ya sauke hannunsa ya rufe ido.

Baffa ya yi azahar ya wuce Babura da farin cikinsa. Kafin la'asar ruwan ya yi fari kamar an wanke shinkafa, kifin duk sun taso sama suna buɗe baki. Innalillahi! Na kankare gindin bokitin gishirin, bai isa ya haɗa ko bokiti ɗaya ba. Na buga wa mai shagon, na gaya masa abin da na yi.

Ya ce, "Malama, ruwan teku na gaske ba laifi ba ne, masu kiwo a bakin teku suna amfani da shi. Amma can nesa da gaɓa ake ɗebo shi, a tace shi, a sa a mazubin da bai taɓa ganin sabulu ba. Ruwa ne mai rai, cike yake da ƙananan halittun da ido ba ya gani. Kun toshe shi kwana huɗu a rana, sun mutu sun ruɓe a ciki."

Na ce ko in haɗa da gishirin miya. Ya ce kada in soma, ba abu ɗaya ba ne. Na ce to me zan yi? Ya ce in ƙara musu iska, in yi addu'a.

Hajiya ta mutu kafin magariba. Alhaji ya yi ta zagaya wurin da take kwance, shi ma da safe na tarar da shi a ƙasa, sauran duk sun bi. Na kwashe su da ludayi a gaban idon Baba, don ba yadda zan ɓoye. Bai yi ƙara ba, hawaye ne kawai ke bin gefen fuskarsa zuwa matashi. Na durƙusa na ce, "Baba, na ga hannunka. Na gane, na ƙi bi. Ka yafe mini." Sai ya ɗora hannun nan nasa a kaina. Da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Yayanmu ya ce zai sayo wasu kifin ko nawa ne. Baba ya kaɗa hannu, irin kaɗawar ranar. A wannan karon na ce a bari, aka bari. Ya nuna a juya gadonsa ya fuskanci bango. Kunu kuwa sai da lallashi, cokali biyu uku ya kau da kai. Bai cika wata biyu ba Allah ya karɓi abinsa. Ba na cewa kifi ne ya kashe shi, kwanansa ne ya ƙare. Amma na san ni na ɗauke masa abin da yake farkawa dominsa, kuma wannan baƙin cikin bai bar ni ba.

Baffa tafiya ta riƙe shi a kudu, sai ranar sadakar uku ya iso. Ya kira ni soro, ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce, "Abu ɗaya ke sanyaya mini rai, 'yata. Kafin ya tafi na kai wa kifinsa ruwan garinsu, ya gani da idonsa."

Na sunkuyar da kai na ce, "Allah ya saka da alheri, Baffa." Har shi ma ya koma ga Allah ban gaya masa ba, kuma ban yi nadamar wannan shirun ba. Shi da zuciya ɗaya ya kawo. Ni ce na ga hannun Baba.

Abin da na koya shi ne, kyakkyawar niyya ba ta tsarkake ruwa, kuma kunyar baƙo ba ta kai nauyin amana ba. Da na ce, "Baffa, mun gode, bari mu ajiye tukuna," da ransa ya ɗan sosu na yini ɗaya, shi ke nan. Tun daga ranar, in wanda ya san abu ya ce mini a'a, ko da ɗan yatsa ya faɗa, tsayawa nake yi, ko wa ke kallona.