Baban Ɓeraye da Ganye Mai Ɗaci

Duk wanda ya yi karatu a sashen harhaɗa magunguna na jami'ar ya san Baban Ɓeraye. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, shi kuma bai taɓa ƙi ba. "Ai 'ya'yana sun fi ku jin magana," haka yake ce musu. Aikinsa kula da ɓerayen gwaji: ya canza musu dusar katako, ya cika kwalaben ruwa, ya wanke keji. Tun yana saurayi yake ɗakin nan mai zarni, har furfura ta cim masa a ciki.

Akwai wata malama, Dakta ake ce mata, da ke binciken wani ganye mai ɗaci ko zai yi maganin ciwon damuwa. Ta ce masa a ƙwaƙwalwa akwai sinadaran da ke kai saƙo tsakanin jijiyoyi, tana zaton ruwan ganyen yana hana su saurin ƙarewa. Sai a ɗura wa ɓera, a saka shi a bokitin ruwa. Wanda bai sha ba ya ɗan yi iyo ya saki jiki, wanda ya sha kuwa ya yi ta fafutuka. Baba ne ke tsamo su, ya goge su da tsumma yana ba su haƙuri.

A gida kuma matarsa ce ta saki jiki. Tun da autarsu ta rasu ta daina ɗinki, ta daina amsa sallamar maƙwabta. Wuni take a bakin gado tana kallon bango. Abinci sai ya zauna ya lallaɓa ta.

Wata rana ya tare Dakta a bakin firjin da take ajiye ruwan ganyen.

"Ranki ya daɗe, ki sam min ko cokali ɗaya. Uwar yara ce."

Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Baba, ɓera daban, mutum daban. Ban san me zai yi wa hantarta ba. Wallahi ko mahaifiyata ba zan ba ba."

Ya ji zafin maganar. Ranar ko sallama bai yi mata ba ya tafi. Amma da Asabar sai ga motarta a ƙofar gidansu, ta zo kai su asibiti.

"Ni ba mahaukaciya ba ce," in ji matar.

Dakta ta ce, "Mama, wa ya ce? Ciwo ne kamar hawan jini. Taso mu je."

Likita ya ba ta ƙwayoyi, ya sa ta riƙa zuwa ana hira da ita. Sauƙin bai zo da wuri ba. Maganin farko jiri ya sa ta, sai da aka canza. Baba ya yi ta raka ta, yana zaman benci da gyalenta a cinyarsa.

Ganyen Dakta kuwa har Baba ya yi ritaya bai wuce kan ɓeraye ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Wataƙila jikokinmu su mora."

Abin da ya fi son ba da labari shi ne ranar da ya dawo ya tarar da matarsa tsaye a tsakar gida, hannu a ƙugu.

"Malam, wa ya ɗauki almakashina ya yanke waya da shi?"

Shi ne ya ɗauka. Ta yi ta zazzaga masa faɗa, shi kuwa ya nemi kujera ya zauna, yana fatan kada ta yi saurin gamawa.