Gwaggo Kilo a Jar Ƙofa

Ba ni na sa mata Gwaggo Kilo ba, Allah ya sani, 'ya'yan ƙannenta ne. Sun saba cewa kar a damu da nauyin kaya a jirgi, ai akwai kilon Gwaggo, har sunan ya bi ta. Ita kuma ta amsa, don ba ta iya musu ba. Ni maƙwabciyarta ce. Ƙofata na kallon tata a hawa na biyu, ni ke riƙe mata mukulli in za ta yi tafiya, in zuba wa shukokinta ruwa, in leƙa ko ɓera ya yi ɓarna.

Sana'arta furen yadi. Tun tana budurwa take shagon kayan kwalliyar biki, a ɗakin baya da ba shi da taga, tana yanka yadi tana naɗawa a jikin waya har ya zama fure. Yatsunta duk tabon gam ne. Mijinta direba ne, ya rasu da sauran ƙuruciyarsu, Allah bai ba su haihuwa ba. Sai ƙaninta, lokacin yana fama da kansa, ya kawo mata 'yarsa da aka yaye. Gwaggo ta goya ta, ta yi jinyar ƙyandarta, a ƙarƙashin teburin yankan yadi yarinyar ta koyi karatu. Da ƙanin ya samu duniya, ya zo da mota ya ɗauke abarsa tana shirin shiga sakandare. Ya ce makarantar unguwarsu ta fi. Ta fi kuwa, ba ƙarya ya yi ba. Gwaggo ta haɗa mata kaya da hannunta, ta raka su bakin titi, ta dawo ta rufe ƙofa. Kwana biyu ban ji motsin tukunya a ɗakin ba.

Ana nan sai aka shiga yayin biki a ƙasar waje. Masu hali su kwashi dangi su tafi bakin teku, amma kwalliya sai ta gida, wai ta can ga tsada ga rashin armashi. Mai shago ta ga aika kaya ta jirgin kaya ciwon kai ne, gara a yanka wa mutum tikiti ya tafi da akwatuna. To wa za a aika? Mai miji ba za ta je ba, mai goyo ba za ta je ba. Gwaggo ce ba ta da mai tambayarta yaushe za ta dawo.

Ta kuwa iya aikin. Ta san abin da 'yan kwastan ba sa so: busasshen fure, ciyawa, itace mai ɓawo, duk inda ƙwaro zai iya laɓewa. Ta san wanda ya sa hannu ya shigar da kaya, shi zai fito da su ya nuna a ranar komawa. In jirgi ya sauka, jama'a su bi koriyar ƙofa suna jan 'yan jakunkunansu, ita ta karkata keken kaya ta nufi jar ƙofa, inda ake bincike, ita kaɗai.

In ta dawo na tambaye ta yadda ƙasar take, labarin ɗakin bincike take ba ni. Wai wasu teburinsu ƙarfe ne mai sanyi, wasu kuma suna da kare mai ladabi, ya shinshina ya koma ya zauna. Nakan ce, haba Yaya, fasfonki ya cika da hatimi amma ba ki san ko'ina ba sai sito da ƙofar bayan otal. Sai ta yi dariya ta miƙo min ɗan sabulun otal. Na tara su har na rasa wurin sawa.

Ranar da matar ƙaninta ta kira ta ce an sa bikin yarinyar, a ƙasar waje, kuma an yanka mata tikiti, Gwaggo ta buga min ƙofa da ludayi a hannu, ta manta ba ta ajiye ba. Ban taɓa ganinta haka ba. Ta ce wannan karon zama za ta yi, a kujera, cikin mutane, ta ga 'yarta ta shigo. Iyakar burinta ke nan. Ta kai ɗinki, ta sayi takalmi mai ɗan tudu tana koyon tafiya da shi a baranda, ni ina mata tsiya. Furannin kuwa ta ce ba mai taɓa su sai ita, ta yi makonni tana naɗi har idanunta suka yi ja.

Ni dai jikina bai ba ni ba. Na tambaye ta ko tikitin da akwatuna ya zo. Ta ce to in ba ita ba, wa zai kai?

Sauran labarin daga bakinta na ji bayan ta dawo, guntu-guntu, sai da na yi ta tono. Sun sauka tare da dangi ana gobe biki. Ƙanin da matarsa da ƙawayen amarya suka bi koriyar ƙofa, suka ce ta same su a otal. Ita ta shiga ja. Jami'in wani dattijo ne mai furfura har a gira. Ya buɗe akwatin farko, lafiya lau, na biyu ma haka. A na uku, ƙarƙashin labulaye, sai ga damin busasshiyar ciyawar ado da faifayen itace da ɓawonsu. Matar ƙanin ce ta cusa bayan Gwaggo ta gama shirya kaya, ta gani a waya ya burge ta. Ba ta faɗa ba, don ta san za a hana.

Jami'in ya yi mata bayani a hankali, da yaren da ta ɗan tsinta a tafiye-tafiye. In kayan bikin gida ne, za su ƙwace ciyawar da itacen, su ja mata kunne, ta wuce. In na kasuwanci ne, sai masu duba tsirrai sun zo sun zazzage komai, kuma sai gobe. Ya tambaye ta mece ce ita a wurin amarya.

"'Yata ce," in ji Gwaggo. "Ni na goya ta."

Ya ce to a kira wani a gidan ya tabbatar. Lambar ƙanin ba ta shiga ba, ta ba da ta matar. Ya buɗe muryar wayar ya ajiye ta a tebur. Matar na jin kwastan ne ta tsorata, kada sunansu ya shiga wani abu.

"Ma'aikaciyar shagon kwalliya ce," ta ce. "Mu haya muka yi, ba mu san abin da ke ciki ba."

Wallahi da ni ce da sai filin jirgin nan ya san na zo. Na ce da Gwaggo, me kika yi? Ta ce ba komai, tebur ta kalla. Wai har ta gaya wa jami'in matar tsoro ta ji, ba mugunta ba ce. Kun ji fa, an watsa mata ƙasa a ido tana neman wa mai watsawa uzuri. Dattijon ya kashe waya, ya fita, ya dawo mata da shayi a kofin takarda. Amma magana ta riga ta shiga kunnensa a bakin aiki, dole aka bi da kayan hanyar kasuwanci. A benci ta kwana, don ba ta barin kayan da ta sa wa hannu.

Da hantsi aka saki kayan. Ta isa otal ta tarar da zaure tsirara, lokaci ya ƙure. Ta tuɓe takalmi ta hau tsani. Kafin baƙi su fara zuwa ta gama, gumi sharkaf, ta ɗauki hotunan aikin yadda mai shago ke so, ta ruga ta watsa ruwa ta sa sabon ɗinkinta. Ko da ta sauko an rufe ƙofar zaure. Mai tsaron ƙofar ya gan ta ɗazu a kan tsani, sai ya nuna mata hanyar ma'aikata da ladabi. Ba ta so ta ta da hayaniya a bikin 'yarta. Ta zagaya ta tsaya bayan labulen da ta ɗaura da hannunta, kusa da kwalayen ruwa. Daga nan ta ji zaure ya ɗauki tafi, ta gane amarya ce ta shigo.

Sai da taro ya watse yarinyar ta gano ta. Ta rungume ta tana cewa ina ta shige, an yi ta nemanta za a yi hoto, kuma ita dama ta san in Gwaggo ce da kaya ba abin da zai maƙale. Ba ta rufe baki ba ƙawaye suka janye ta. Gwaggo ta naɗe hannun riga ta fara kwance furanni. Nan ne na kasa daurewa, na yi kuka, ita ce ma take ba ni haƙuri.

Ranar komawa ta kai akwatunan ta nuna, ta tarar da dattijon nan a bakin aiki. Ya gane ta tun daga nesa.

"Mama, yaya bikin 'yarki?"

Ta ce min a duk tafiyar nan shi kaɗai ya ce 'yarki. Ta amsa masa da lafiya lau, an gode Allah. Ya ce shi ma yana da 'ya mace, ko za ta nuna masa hoto. Ta miƙa masa wayar ba ta yi tunani ba. Ya yi ta turawa da yatsa: kujeru a jere, tebura, furanni har rufi, ba mutum ko ɗaya. Ya kai ƙarshe ya ɗago kai.

"Ina amaryar?"

Gwaggo ta karɓi wayarta ta sa a jaka.

"Tana shiri," ta ce. "Ba ta fito ba tukuna."