Jan Zaren Adda

Shekarar da 'yan bindiga suka shiga Mubi, gidanmu na unguwar Makama a Yola ya cika har zaure. Cikin waɗanda suka sauka mana akwai wata mata Kirista daga ƙauyukan arewa. Ta girme ni, don haka na kira ta Adda, wato yaya, sunan kuma ya bi ta har yau. Da zanen jikinta ta zo, da tukunya ɗaya a ka. Mijinta ya bi wata hanya ranar gudun, ba ta sake jin ɗuriyarsa ba, haka rumbunta da awakinta. Ba ta cika maganar ba, mu ma ba mu tona.

Abin da Adda ta iya shi ne turara shinkafa. Ni kuwa abin da na iya shi ne baki, ina iya sayar wa mai shinkafa shinkafa. Sai muka haɗa kai. Wani manomi a bakin tafkin Njuwa yake ba mu shinkafa shanshera, Adda ta jiƙa ta turara ta shanya a tsakar gida, tana korar kajina kamar su suka kore ta daga gari. Daga nan sai injin ƙanen mahaifina, wanda muke kira Bappa, ya cashe. Wani direba ɗan unguwar Vinikilang ya ɗauka ya kai wa masu saye. Shinkafar Adda ba tsakuwa, ba wari, in ta nuna kowace ƙwaya tsaye take da ƙafarta.

Matsalar lokacin ita ce shingayen hanya. A kowane shinge sai a sauke buhuna a duba, a mayar yadda aka ga dama, kayan wannan ya shiga cikin na wancan. Wata rana mai saye ya aiko cewa ya kusa rasa haƙori a shinkafarmu. Adda ta zauna ta yi kuka, kukan da ban ga ta yi ba ko ranar da ta iso. Suna ne kaɗai abin da ta sake ginawa a Yola, shi ne kuma aka taɓa.

Washegari ta warware bakin wani tsohon zane ta ciro jan zare. Ta ce manomi ya riƙa ɗaura koren zare a kunnen buhu, ita ta ƙulla ja a cikin koren, Bappa ya ƙulla fari a cikin jan ya ɗinke shi a bakin buhu da basilla, direba ya rufe da baƙi. Bappa ya yi mita, ya ce shi ba tela ba ne. Amma ya ƙulla, kuma ƙullinsa ya fi na kowa tsauri, don shi mutum ne da ba ya son a fi shi ko a abin da ya raina. Tun daga nan duk buhun da aka buɗe a hanya sai a gane, kuma a san hannun wa ya bari lafiya.

Haka muka yi shekaru. Hanya ta lafa, baƙinmu suka koma garuruwansu, Adda ta zauna. Ta kama ɗaki a Jimeta kusa da cocinsu, kullum tana shigowa a Keke Napep zuwa Makama, ban da Lahadi.

Kwanan baya wata mai sayen shinkafa daga Legas, wadda ta daɗe tana karɓar kayanmu, ta zo da kanta. Ta ce shagunan da take kai wa yanzu suna son sanin tafiyar kowane buhu daga gona zuwa kanti, kuma sun koma wani tsari na waya da ake kira bulokcen. Kowa zai ɗauki hoton buhu lokacin da ya shigo hannunsa da lokacin da ya fita, bayanin ya hau kan na wanda ya gabace shi, kowa yana gani a wayarsa, ba mai iya gogewa. Ita za ta biya kuɗin data, ta kuma koya mana. Sharaɗi ɗaya ne, sai dukanmu mun shiga. In hannu ɗaya ya ƙi, za ta nemi shinkafa a wani wuri.

Na dubi Adda. Rabin abin da take turarawa wannan matar ke saye. In ta tafi, ɗakin Jimeta ya tafi, kuma Adda ba ta da wani gida da za ta koma. Ni dai tun kafin matar ta rufe baki na ce mun yarda, don ni haka nake, sai na amsa sannan in tambayi abin da aka ce.

Sauran ba su yi saurina ba. Manomi ya ce duk abin da ke cikin waya, na Legas za su iya juya shi yadda suke so, ranar da rigima ta tashi a ce laifin gona ne. Direba ya ce shi ma abin da ke ransa ke nan. Bappa kuwa ko zama bai yi ba. Ya ce ya tsufa yana casa ba wanda ya taɓa leƙa masa aiki, ba zai fara yanzu ba saboda wata 'yar waya.

Na yi masa magana har muryata ta dushe, a banza. Adda ce ta je injin da kanta, na bi ta a baya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa masa ƙullin wani tsohon buhu, kore da ja da fari da baƙi.

"Bappa, wannan ma kowa yana gani," in ji ta. "Shekara nawa kana ɗaura, ba wanda ya samu laifinka. Ka gwada sau ɗaya. In bai yi ba, ni zan ce wa matar Legas ta tafi."

Ya juya ƙullin a hannunsa ya daɗe. Sannan ya ce sau ɗaya, kuma zare yana nan, ba za a daina ba.

Ranar gwajin muka taru a injin. Manomi ya ɗauki hoton buhu, Adda ta ɗauki nata da wayata, aka miƙa wa Bappa waya. Ya ƙi a nuna masa. Ya riƙe ta nesa da fuska, ya tsuke baki, ya auna buhu, ya danna. Wayoyinmu suka yi ƙara tare. Muka duba, sai ga Bappa: hancinsa ya cika hoton, hula ta karkace, ƙaiƙayi a gira, yana harara kamar an taka masa tabarmar salla. Ashe kyamarar ta juyo wajensa.

Direba ya fita waje da gudu, muna jiyo dariyarsa daga bayan katanga. Ni na cusa mayafi a baki. Bappa ya ce a goge yanzu-yanzu. Matar Legas ta ba shi haƙuri, ta ce ba ta da iko, sai dai ya ɗauki na daidai ya hau a kai, wancan kuma yana nan. Ya ce ta kira manyanta. Ta kira a gabansa, suka ce su ma ba su da iko. Ya ce shi fa dattijo ne a Makama. Aka ce an sani, Allah ya ƙara girma, amma ba ya goguwa.

Manomi ne ya fara daina dariya. Ya matso ya sake duba hancin, ya tambaya ko da gaske har na Legas sun kasa. Da aka tabbatar masa, sai ya ce to shi ya shiga, in dai an kasa cire wa Bappa wannan, ba mai iya ɗora masa laifin da bai yi ba. Direba ya dawo yana share hawaye ya ce a sa shi. Bappa ya yi fushin yini guda. Yanzu kuwa duk baƙon da ya zo injin sai ya ciro waya ya nuna masa, yana cewa fuskarsa ce ta buɗe tsarin, kuma ko gwamna bai isa ya cire ta ba.

Motar farko ta tashi, kowane buhu da zarensa da hotonsa. Adda ta riƙa zuwa da sassafe tana karɓar wayata, don tata ƙaramar ce mai tocila. Ta ga buhunan sun haye gadar Numan, ta ga sun kwana a hanya, ta ga an sauke su. Ran nan muna shanya sai hoto ya shigo daga wani kanti a Legas, buhu a jingine, jan zarenta yana leƙowa tsakanin kore da fari.

Ta zauna a bakin tabarmar shanya, kajina suka samu sake suna ta tsince shinkafa, ba ta ko ɗaga hannu ba. Ta sa yatsa ta faɗaɗa hoton har jan ya cika fuskar wayar. Farin ciki ya kama ni.

"Tun da na baro gida," in ji ta, "wannan ne abu nawa na farko da ya tafi, na san inda ya kai."

Na ɗauki sanda na kori kajin da kaina.